Goggo Safinatu, Wadda Ta Tsare wa Bawa Nonon Uwarsa

Kafin rana ta leƙo kan gonakin Danchadi, Goggo Safinatu ta riga ta sallame sallarta, ta share tsakar gidan da babu sawun kowa a cikinsa sai nata da na kajinta. Sai ta hura wuta da karan dawa, ta dama koko daidai cikin mutum ɗaya. Ba ta sha a ɗaki. Takan fito da ƙoƙon bakin ƙofa, ta zauna kan 'yar kujerarta ta icce, zane a ɗaure tamau, mayafi a kafaɗa, kamar wadda ake jira wani wuri. Alhali babu mai jiranta. Gwiwoyi sun ƙi, ido ya yi hazo, an daɗe rabon da wani ya yi sallama yana haki ya ce mata wance na kan gwiwa. Amma jikin da ya saba da kira bai yarda an daina ba, kullum sai ya shirya.

Mu da muka shiga makaranta mun karanta labarin mazaje iri-iri, na ajami da na boko, masu takobi da masu jirgin ruwa, waɗanda suka ci garuruwa aka rubuta sunansu da tawada mai kyau. Ban taɓa cin karo da shafi guda da aka ba ungozoma ba. Abin yakan tsaya mini a rai, har wani lokaci in rufe littafin. Don haka yau zan ba wannan tsohuwa nata shafin, tun tana da rai, tun kunnenta na iya jin abin da za a karanta mata.

Tun tana da sauran ƙuruciya ta koyi aikin wajen uwar mijinta. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mijin nata, Tukur, ya rasu shekarar da fara ta cinye gero, daga nan gidan ya zama nata ita kaɗai. Hannunta ya karɓi 'ya'yan mutane daga Danchadi har Boɗinga, daga ƙauyukan fadama har ƙasar Shagari. Wanda ya san aikin ungozoma ya san yadda yake. Ranar naƙuda ita ce sarauniyar gida, kowa na rawar jiki a gabanta. Ranar suna a ba ta rabonta na rago. Ana gama arba'in sai ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya, yaron ya girma, ya yi gemu, ya wuce ta a kasuwa bai san ita ta fara wanke shi ba.

Da a ce iyakarta ke nan, da ta tsufa cikin mutane kamar sauran. Abin da ya raba ta da su kanwa ce. A ƙasarmu an ɗauka mai jego ba ta warkewa sai ta sha kunun kanwa har ya gundure ta, ta yi wanka da ruwan da ke tafasa safe da yamma, ta kwanta kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. In ta cika ta yi tim, sai a ce jego ya karɓe ta, a yi wa uwar miji barka. Goggo Safinatu kuwa tana kallo shekara da shekaru. Ta ga waɗanda suka cika ɗin nan suna haki in sun miƙe, suna kasa kwanciya sai a zaune, wasu kuma ba su kai ga yaye ba aka kai su makwancinsu. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta dai rage kanwa a tukunyarta, ta riƙa sirka ruwan wanka. Nan da nan mata suka laƙaba mata suna, wai Mai Rowar Kanwa. Gidaje da yawa suka daina aika mata. Ta ji, ta haɗiye, ba ta ƙara ko ƙwaya ɗaya a kunun ba.

Labarin da zan bayar na ji shi daga bakin mutum uku da suka gani da idonsu, kuma ita kanta ta cike mini inda suka manta. Ya faru ne 'yan shekaru kafin yaƙin da aka kwashi samarinmu zuwa Bama.

Wata safiya, lokacin da zafi ya fara shigowa ana cire albasa a fadama, wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar Goggo.

"Goggo, kin ji na gidan Malam Sodangi na Lambara? Jinjirinsu za su kai Kajiji, wai nonon uwar ya ɓaci."

"Wace uwa?"

"Zulaihatu, matar ɗansa Maniru. Wadda ɗiyanta biyu sunka koma tun suna goye. Wanga na uku Bawa anka sa mai."

"Uban yana ina?"

"Cin rani, can Kurmi. Sai damina."

Ba a kira Goggo Safinatu wannan haihuwar ba, kuma ta san dalili. Inna Rahamatu, uwar Maniru, tana cikin masu cewa ba za ta bar surukarta a hannun mai rowa ba. Duk da haka Goggo ta zuba wa kajinta tsaba, ta ja ƙyauren ɗakinta, ta kama hanyar Lambara. Motar gyaɗa ta wuce ta a babbar hanya, ba ta ko ɗaga hannu ba. Rana na tsaka ta yi sallama a gidan Malam.

Inna Rahamatu ce ta tare ta, tana tankaɗe a gindin rumbu.

"Lale da Goggon Danchadi. Wa ke kan gwiwa gidan ga da ban sani ba?"

"Ba kowa, Rahamatu. Barka niz zo yi, ta makara."

"Ta makara ƙwarai. Mu mun yi jegonmu yadda iyaye sunka yi, ba mu yi wa kowa ƙwauro ba. Shiga ki gani, ɗiya ta yi jiki kamar matar hakimi. Nonon dai Allah bai nufa ba."

A ɗaki ta tarar da Zulaihatu zaune ta jingina da bango, ƙafafu a miƙe, jiki ya cika tabarma. Jinjirin na kwance gefenta yana wani kuka siriri kamar na ɗan kyanwa. Goggo ta ɗauke shi, ta ji ba shi da nauyi, ta shafa kansa ta ji maɗiga ta faɗa. Ta duba tsumman da ke ƙarƙashinsa, babu jiƙon fitsari, sai ɗan zawo kore. Sannan ta ɗaga ido ta dubi uwar. Fuska a kumbure, amma leɓe a bushe har ya tsage.

Ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata. Zulaihatu ta kau da kai.

"Sha mana, ɗiyata."

"Azumi nike, Goggo."

"Azumin mi?"

"Ramuwa. Cikin azumi nih haihu, duk watan ana bi na."

Goggo ta ajiye ruwan. Hancinta ya riga ya jiyo wani wari daga bayan gado. Ta miƙa hannu ta jawo 'yar tukunya, ta buɗe, sai ga ganyen filasko a jiƙe, mai wanke ciki har mutum ya ga jiri.

"Wanga kuma da shi kike buɗa baki?"

Nan Zulaihatu ta fashe da kuka, irin kukan da ba sauti, don kada a ji a tsakar gida. Ta ce tun da aka gama arba'in ba ta iya tashi sai ta dafa bango. In ta ɗaga taɓarya sau kaɗan sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Ranar wani suna a maƙwabta ta durƙusa za ta gaida manya, jigidarta ta tsinke, duwatsun suka watse a tsakar gida, mata suka bi suna tsinta suna dariya. Wata ta ce in Maniru ya dawo sai an fasa ƙofar ɗaki an ƙara mata faɗi. Uwarta ta rasu tun tana yarinya, mijinta na wata ƙasa, ba ta da wanda za ta tambaya. Sai ta ga ai ga azumi ana bin ta, in ta jera shi ta sauke nauyin Allah, ta sauke na jikinta. Wata maƙwabciya ta ƙara mata da filasko. Da yake ita kaɗai take cin abinci a ɗakinta, ba wanda ya lura; tuwon rana ta taga take zuba wa awaki. Kunun kanwa kawai take sha da magariba, don shi Inna Rahamatu kan tsaya a kanta sai ta ga ƙoƙon ya koma wayam.

"Ban san nonon za ya tahi ba, Goggo. Wallahi ban sani ba. Na binne biyu. In sunka kai wanga Kajiji, mi zan zauna yi gidan ga?"

Goggo Safinatu ta kama ƙafarta, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗaga. Gurbin ya tsaya kamar an danna ƙullu.

"Kin gani? Wanga ba ƙiba ba ce, ruwa na. Kanwa tat tara miki shi." Ta kama damtsenta ta matsa, ya koma yadda yake. "Wanga kuwa nama na, naki na kanki. Shi ma za ya tahi, amma sannu, kuma Bawa ne za ya tsotse shi. Ke kin tashi korar su gaba ɗaya da yunwa, sai nono yar riga su fita."

Ta fito ta zubar da filaskon a bayan ɗaki, ta nufi zaure inda Malam Sodangi ke duba allunan ɗalibansa. Ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, tambaya nika yi. Mace mai shayarwa, ana bin ta azumi, ɗanta na ƙanjamewa don ba nono. Ta rama yanzu, ko ta jira?"

Malam ya ajiye allon.

"A gidana?"

"A gidanka, Malam."

Suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, ba ya ma kiran sunanta. Sai Malam ya taso ya tsaya bayan zanar da ta kare ɗakin Zulaihatu, ya juya baya, ya yi magana kamar da itacen kuka yake yi.

"A hwaɗa wa mai ɗakin ga, ramuwa tana da sauran lokaci, Allah bai ƙuntata ba. Mai shayarwa da ke tsoron wa ɗanta an yi mata rangwame. Ta sha ruwa yanzu, ina tsaye."

Daga ciki aka ji ƙarar moɗa a bakin randa.

Inna Rahamatu ba ta ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Ta ce azumi ko ba azumi ba, ita ta gwada nonon da hannunta. Ta tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki kamar yadda ake yi, tururuwar ta mutu. Nonon da ya kashe tururuwa ba za a ba jikanta ba. Ta riga ta aika wa 'yarta Amina da ke aure a Kajiji, ita ma tana goyo, za ta zo ta ɗauke shi ta haɗa da nata.

"Rahamatu," in ji Goggo, "ke in anka jefa ki rijiya mai ruwan daɗi, hita za ki yi? Tururuwa ba ta iya iyo ba."

"To ke kin iya komi. Ke da ba ki taɓa sa ɗa ga ƙirjinki ba, ke za ki hwaɗa mini nono?"

Goggo Safinatu ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta, ta daɗe tana gyarawa. Ta gaya mini daga baya cewa maganar ta shiga inda ba wanda ya taɓa taɓawa, har ta ji ƙafarta na neman hanyar Danchadi da kanta. Amma kukan jinjirin na fitowa daga ɗaki.

"Gaskiya kih hwaɗi, ban taɓa ba," ta ce. "Ki ba ni zuwa tsayuwar wata. In bai jiƙa tsumma ba yadda ɗa ke jiƙawa, ni da kaina zan goya shi in kai Kajiji."

Malam ya ce a yi haka.

Ke ce, Goggo, wadda aka zaga da abin da ba laifinki ba, kika shimfiɗa tabarmarki a gidan da aka zage ki. Uwar 'ya'yan mutane, mai shiga inda ba a gayyace ta ba in dai akwai kukan jinjiri.

Daga ranar ta karɓi tukunyar Zulaihatu. Kanwa ta fita. Ta dama mata kunun gero da gyaɗa, ta yi mata wake, miyar zogale da kuɓewa, fura da nono, ɗan nama in an samu. Ba tulin da ake tura wa mai jego har ta kasa motsi ba, kuma ba yunwa ba: kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ta ci ta ƙoshi ta tsaya. Ta aje mata ƙwaryar ruwa kusa da hannu, ta ce duk sanda Bawa ya kama nono ita ma ta kai baki. Shi kuwa Bawa ba a jira sai ya yi kuka. Da ya motsa sai a sa shi, ya ja wannan, ya ja wancan, ko da abin da ke fita bai kai ya jiƙa harshe ba.

"Ba komi ciki, Goggo, wahala kawai shika sha."

"Bari shi ja. Jan nan ne kira. In ba a kira ba, wa za ya zo?"

Da ƙafafun suka fara saɓewa, sai Goggo ta fito da ita da sanyin safiya. Matar gidan malamai ba ta yawo a gari, don haka rumbunan gidan suka zama hanyarsu. Zulaihatu a gaba da goyo, tsohuwa a baya, suna zagaya rumbun gero su koma na dawa, in numfashi ya fara nauyi su zauna.

Inna Rahamatu na kallo daga bakin murhu. "Yau kuma rumbu anka koma gaisarwa? Ku gaida mini na maiwa, yana can baya."

"Za mu kai mai," in ji Goggo. "Ke ma taso, gwiwar taki na so."

Har Zulaihatu ta yi dariya, karo na farko tun zuwan Goggo.

Amma kwanaki suna tafiya, nono bai zo yadda ake so ba. Zawon Bawa ya tsaya, fuskar uwar ta sauka har idanunta suka fito, sai dai tsumman ɗan jiƙo kaɗan yake yi. Wata ya rage kamar yankan farce. Wata rana da hantsi Zulaihatu ta cire yaron daga ƙirjinta ta miƙa wa Goggo.

"Ki kai shi kawai. Gara shi rayu hannun Amina da shi mutu hannuna. Ni nib ɓata."

Goggo ta karɓe shi, ta jijjiga shi kaɗan, ta mayar mata da shi a cinya.

"Ni na ce zan kai shi in wata yat tsaya. Wata bai tsaya ba. Sa mai."

Ita kanta ba ta da tabbas. Ta gaya mini a kwanakin nan takan fita bayan gida kamar za ta ɗebo icce, ta tsaya ita kaɗai ta dubi fadama tana roƙon Allah kada ya kunyata yarinyar nan saboda taurin kan wata tsohuwa. Ba ta da wanda za ta gaya wa tsoronta. A gidan kowa na jiran ya ga ta faɗi, sai Zulaihatu kaɗai da ke jingine da ita, ita kuwa ba a nuna mata rawar ƙafa.

Wata ya tsaya. Washegari da hantsi Amina ta iso daga Kajiji bisa jaki, da nata goyon, da sabon zane na ɗaukar ɗan ɗan'uwanta. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Inna Rahamatu ta ce a kawo mata jikanta ta yi masa addu'a kafin tafiya. Zulaihatu ta roƙi a bari ya sha na sallama. Ta zauna a bakin ƙofarta ta sa shi, hawaye na bin fuskarta. Mata suka yi shiru don tausayi, kuma cikin shirun nan ne aka ji wani abu da ba a taɓa ji ba a gidan: ƙut, ƙut, ƙut. Yaron haɗiya yake yi, har yana sarƙewa. Ɗaya gefen kuma zane ya jiƙe ya yi duhu har ciki.

Da ya saki don kansa, Goggo ta ɗauke shi ta ɗora wa kakarsa a cinya. Inna Rahamatu ta fara addu'a. Ba ta kai ƙarshe ba ta ji ɗumi na bin cinyarta, yana gangarawa har tabarma, kamar an karkata buta.

Ta ɗaga shi sama tana dubansa.

"Ka ga mijin banza. Ina yi maka addu'a kana yi mini wanka? Zanen salla na fa."

Amina ta kwashe da dariya, sauran mata suka bi. Inna Rahamatu ta rungume yaron da jiƙon da komai, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da yamma Amina ta koma Kajiji da kwandon albasa a kan jaki, da sabon zanenta a naɗe.

Bayan kwana kaɗan Goggo ta naɗe tabarmarta. Inna Rahamatu ta auna mata gero a ƙwarya, ta ce a gaida mutanen Danchadi, iyakar abin da ta ce ke nan. Zulaihatu ta rako ta har zaure tana riƙe da mayafinta. Goggo ta sake shirya mata jigidar a sabon zare daidai ƙugunta na ranar, ta ce kada ta matse, kada ta ƙara shan komai don ramewa, ta ci, ta sha ruwa, ta yi dakanta gwargwadon ƙarfi, ta bar Bawa ya yi aikinsa. Jigidar ce za ta gaya mata labari. Sannan ta kama hanya ita kaɗai, kamar yadda ta zo.

Haka kuwa aka yi. Maniru ya dawo da ruwan farko, ya tarar da ɗa mai kumatu yana miƙo hannu. Zulaihatu ta ce mini ko ƙibar da ta kusa halaka kanta a kai bai lura da ita ba, yaron kawai yake kallo. Ta rama azuminta ɗaya-ɗaya a ranakun da gari ya yi sanyi, bayan yaron ya fara shan kunu. Kafin a kai gero rumbu jigida ta fara zamowa, kafin shekara ta kewayo sai da aka rage mata duwatsu. Ba ta koma kamar budurwa ba, ba ta kuma nema ba. Ta koma mace mai ƙarfi da ke kirɓa dawa tana waƙa.

Ga wurin da in na tuna sai idona ya cika. Al'adarmu ce in za a yaye yaro a kai shi wajen kakarsa ya yi kwanaki, har ya manta da nono. Da yake kakar Bawa gida ɗaya suke da uwarsa, kowa ya ɗauka Kajiji za a kai shi. Wata rana da hantsi Goggo Safinatu na gyaran wake a tsakar gidanta, sai ta ji sallama. Inna Rahamatu ce, da gwiwarta mai ciwo, ta sauko daga jaki, yaro a bayanta yana cin ƙuli-ƙuli.

"Ga mijin naki nan, ki yaye muna shi. Ni ya raina ni, Amina kuma ɗiya sun yi mata yawa."

Ta kwance shi ta ajiye a gaban Goggo. Ba ta ce yi haƙuri ba, Goggo ma ba ta nema ba. Suka sha fura tare, Inna Rahamatu ta hau jakinta ta koma.

Mutanen Danchadi har yau suna ba da labarin kwanakin nan. Yaron ya yi kukan uwarsa yini guda, sannan ya haƙura ya kama zanen Goggo, duk inda ta sa ƙafa yana biye. Ta goya shi ta zaga gari ba tare da wani aike ba. Ta je rijiya alhali randarta cike take. Ta je gaida marasa lafiya da masu lafiya. Duk wanda ya ce, "Goggo, ɗan wa?" sai ta ce, "Baƙona na," tana juya baya don a ga fuskarsa. Ya fasa mata ƙoƙo, ya kori kajinta, ya yi mata fitsari a gado, ita kuwa tana ba maƙwabta labari kamar an yi mata kyauta. Da lokaci ya yi Maniru ya zo ya ɗauki ɗansa. Ta raka su har bakin gari, ta tsaya har jakinsu ya shige cikin gonaki. Na tambaye ta yadda ta ji da ta koma gida. Sai ta ce, "Na dai ga yadda gida yake in da mutum ciki."

Goggo Safinatu, mun gode. Na gode a madadin matan da suka miƙe daga jego da ƙafarsu saboda kin hana su abin da kowa ke ba su, da yaran da suka sha nono har yaye ba su san an yi faɗa a kansa ba. Kin ɗauki sunan rowa shekara da shekaru don wasu su rayu. Allah ya saka miki da abin da mu ba mu da shi.

Ku kuma 'yan'uwana mata masu goyo, in jiki ya yi muku nauyi kada ku kore shi da yunwa ko da ganyen wanke ciki. Ku ci, ku sha ruwa, ku motsa gwargwado, ku ba shi watanni. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, ku aje kanwa, ku nemi masu magani tun da wuri. Iyayenmu mata, ku dubi leɓen surukanku, ku tambaye su abin da ke ransu, don mace na iya zama tsakiyar gida cike da mutane ba ta da wanda za ta gaya wa tana jin tsoro. Masu koyon ungozomanci kuwa, ga wadda za ku bi sawunta.

Bawa ya zama saurayi yanzu, yana noman albasa tare da ubansa. Bai tuna kwanakin Danchadi ba, yaro ne ƙarami a lokacin, kuma tun da gwiwar Goggo ta hana ta tafiya ba su sake haɗuwa ba. Da zan taso daga wurinta na tambaye ta ko akwai abin da take so in rubuta. Ta ce ita ba ta san abin da ake rubutawa ba. Har na kai ƙofa sai ta kira ni.

"In ka bi ta Lambara, ka duba mini ko ya yi tsawo."

Na duba, Goggo, ya yi. Amma ba daga bakina ya kamata ki ji ba. Bawa, in an karanta maka wannan a zauren kakanka, ka bar albasar nan yini ɗaya, ba za ta gudu ba. In ka je ka matsa kusa da ita sosai, don da hannu take awo yanzu.